Ayabar Taubashina

Taubashina ɗan gwaggona ne, malamin kimiyyar halittu a wata sakandare a Dutse. Tun muna yara a Buji kowannenmu yake kiran ɗan'uwansa bawansa, har furfura ta fito mana ba a raba wannan gardama ba.

Duk watan Fabrairu yakan keɓe rana guda shi da ɗalibansa, su tuna wani Bature mai gemu har cibiya, wanda ya yi bayanin yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali. Wai ranar haihuwarsa ce. Ni kuwa ranar nake sayen ayaba, nono guda wanda jaki ma sai ya yi nishi kafin ya ɗauka, in je in tsaya bakin tagar ajinsa.

"Bawana, ga saƙon kakanninka daga dawa!"

Aji ya kaure da dariya. Shi kuma ya ajiye alli ya nuna ni da yatsa. "Yara, ku rufe littafi. Ga hujja ta kawo kanta."

In an tashi sai mu zauna gindin dalbejiya mu cinye ayabar, yana bayani ina hamma da gangan. Ya ce shi bai taɓa cewa kakan kowa biri ne ba. In dubi ƙwarin wake: maganin da ke kashe su a da, yau wanka suke yi da shi, domin masu taurin rai ne suka tsira suka hayayyafa.

"Tsarin Allah ne, bawana. Ni dai kallo nake ina mamaki."

"To, ci ayabarka, kada mamaki ya shaƙe ka."

Bara waccan ya faɗi yana alwala. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kwantar da shi a gidansa na Limawa, idanu a buɗe, ba wanda ya san ko yana gane mutane. Masu dubiya suna yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar sun zo gaisuwar mutuwa. Ni da bakina ba ya hutawa ko a kujerar mai cire haƙori, sai in zauna in yi ta "sannu, sannu", in taso. Abin da ke cina shi ne ko mutumina yana nan cikin wannan jiki, ko tuni ya tafi ya bar mu muna jinyar kwanson.

Da Fabrairu ta zagayo na sayo ayaba. Matarsa ta tare ni a zaure.

"Haba, Yaya! Mara lafiya za ka tsokana?"

Na wuce na tsaya bakin tagar ɗakinsa. Na ce, "Bawana, kakanninka suna gaishe ka."

Har na fara jin kunya. Can sai hannunsa mai lafiya ya motsa, yatsa ya ɗago ya nuna ni, sannan taubashina ya juya ido ga matarsa. Bakin nan da ya karkace ya yi ta fama.

"Hu... hujja."

Ta durƙushe tana kuka. Na shiga na ɓare ayaba guda, na murƙushe ta da cokali, na ba shi a baki.

Bai ga ruwan farko na daminar shekarar ba, Allah ya karɓi abinsa.

Bana mai ayaba ta hango ni ta ce, "Alhaji, yau ba ranarka ba ce?" Na sayi ƙwaya ɗaya, na tafi gindin dalbejiyar na zauna. Na ɓare ta, na ajiye ta a inda yakan zauna.