Gwangwanayen Bakin Taga

A ɗakinmu na makaranta mu huɗu ne, risho kuwa ɗaya, shi ma na Anti. Anti muke ce mata don ta girme mu nesa ba kusa ba. Ta daɗe tana ɗinki a gida kafin ta ce ita ma sai ta zama malamar makaranta, mijinta direban babbar mota ya ce ta je, Allah ya taimaka. A shekararmu ta ƙarshe ta dawo daga hutu da ciki, abin da suka daɗe suna nema. Bisa lissafi, jarrabawa za ta riga haihuwa da kaɗan.

Abincinmu, kada in yi wa kowa ƙarya, taliyar leda ce. Ita aljihun ɗalibi yake iya ɗauka, kuma kafin ka gama neman cokali ta dahu. Ni har gishiri nake ƙara mata.

Wata rana Anti ta dawo daga awo, ta zauna a bakin gado tana cire takalmi da ƙyar, ƙafafun sun kumbura.

"Jinina ya hau," ta ce. "Nas ta ce in rage gishiri, in rabu da taliyar nan. Na ce to in ci me, littafi? Mama kuma ta ce in bai sauka ba da kanta za ta zo ta ɗauke ni."

Auta, wadda muke gaba da ita da aji ɗaya, ta ce, "Jarrabawar fa, Anti?"

"Shi ne ai."

Ba ta bar taliyar ba, don babu halin barinta. Cewa ta yi ita in riga ta yi wa mutum yawa rage ta take yi, ba ta taɓa yarwa ba. Ta ciro almakashinta na ɗinki ta raba 'yar ledar sinadarin ɗanɗano gida biyu, ta zuba rabi. Ruwan farko da taliyar ta tafasa a ciki zubar da shi take yi. Ta ƙulla zumunci da mai kayan miya na bakin ƙofa, yana ajiye mata ganyen kabejin da yake ɓarewa da karas ɗin da suka karye. Ranar da akwai ƙwai ta fasa, ranar da babu ta daka gyaɗa ko ta jiƙa wake tun safe. Gindin albasa kuwa, wanda kowa ke zubarwa, sai ta dasa a gwangwanayen madara ta jera a bakin taga, lawashi ya riƙa fitowa tana yanka.

Ranar farko na ɗanɗana na ce, "Anti, wannan ai wankin taliya ne, ba girki ba."

"Ki matsa lemon tsami ki rufe mini baki," ta ce.

Na matsa, na sa citta da tafarnuwa kamar yadda take yi. Ban san ranar da na daina mita ba. Na dai lura na bar yin gyangyaɗi a aji bayan cin abinci, kuma 'yan ɗakin da ke kusa sun fara leƙowa da kwanukansu, wai sun zo gaisuwa.

Jinin ya sauka na ɗan lokaci, muka yi murna. Aka fara jarrabawa tana shiga tana fitowa, saura darasi ɗaya rak. Da safen ranar ta ce kanta kamar zai tsage, idonta yana ganin hazo. Kafin azahar tana gadon asibiti, kafin yamma an yi mata aiki an ciro 'yar jaririya, ƙarama ƙwarai amma da ranta. Likita ya ce irin wannan hawan jinin na masu ciki abinci kaɗai ba ya tare shi. Na gode wa Allah da ya bar mana su, amma na ji haushi, har yau in na tuna ina ji. Babu abin da aka ce matar nan ta yi da ba ta yi ba.

Mu muka gama muka tafi, ita aka ce sai baɗi.

Da shekara ta zagayo na raka ta makaranta za ta rubuta darasin da ya rage mata, don in riƙe mata yarinya. Tun a mota take cewa ta manta komai, kanta ya cika da wankin kayan jariri, gara mu koma. Don in ɗauke mata hankali na ja ta mu leƙa tsohon ɗakinmu. Muna shiga layin muka tsaya. Kusan kowace taga da gwangwanaye, lawashi kore shar. Aikin Auta ne, na sani.

A ɗakin muka tarar da wata sabuwar ɗaliba tana dafa taliya. Ta yi mana tayi. Anti ta tsuguna don ta kama mata, ta ɗauki ledar sinadarin za ta ɓare.

"A'a, Anti, a nan ba ma juye duka," ɗalibar ta ce. "Rabi ake sawa. Ruwan farko ma zubarwa ake."

"Wa ya koya muku?"

"Oho, haka muka tarar ana yi."

Na buɗe baki zan yi magana, Anti ta taka mini ƙafa.

"To nuna mini yadda ake yi, ƙanwata," ta ce.

Ta zauna tana kallo aka koya mata girkinta tun daga farko, idonta ya ciko amma tana murmushi. Ta cinye nata tas, ta kwance goyo ta miƙo mini yarinyar.

"Riƙe mini ita," ta ce. "Ina birona?"