Waken da Ƙwaro Ba Ya Ci

Jiya na kwance buhun waken da aka kawo mini daga kasuwa, warin maganin ƙwari ya doke ni har sai da na yi tari. Duk da maganin, da na tsoma hannu na ɗebo, rabin ƙwayoyin a huje suke. Na daɗe ina kallon tafin hannuna, ina tuna wani wake da na tsana ina yarinya.

Kakata ta wajen uba, wadda kowa a gidan ke ce wa Iya, ita ke noma shi a 'yar gayaunarta ta hanyar Mazanya. Ƙanana ne, jajaye masu duhu, ga tauri kamar tsakuwa. Sai an jiƙa shi tun safe, a zuba kanwa, a ƙona itace mai yawa, in kuwa aka yi gaggawar sauke shi, ranar cikin kowa sai ya kumbura. Amma ko shekara ya yi a rumbu, ƙwaro ba ya taɓa shi. Nakan tsokane ta cewa ƙwaro ma ya fi mu wayo. Sai ta ce, "Abin da ke kumbura miki ciki, shi ke kashe shi."

Daga ƙauyensu ta zo da irin, can ƙetaren iyaka wajen Maraɗi. Duk bayan girbi ita da ƙanwarta kan aika wa juna tiya guda, don in na ɗaya ya lalace a samu a wajen ɗaya. Shekarun fari ne suka katse wannan aiken.

Mu kuwa a lokacin kuɗin man fetur sun shigo. Manyan motoci suka yi layi a bakin iyakar Jibiya, babana ya ajiye fartanya ya shiga safarar kaya. Malamin gona ya raba wani farin wake manya-manya tare da takin zamani, babana ya sa aka shuka shi ko'ina, har a gayaunar Iya. Abin da ya rage mata tulu ɗaya ne na iri, cakuɗe da toka, an liƙe bakinsa da laka, a ƙarƙashin gadonta.

Ranar walimar motar da babana ya saya, Iya ta tafi ta'aziyya ƙauyen Kusa. Baƙi suka ninka yadda aka zata, wake ya kasa. Babana ya shigo cikin gida ya tambayi inda tulun yake. Matan gidan duk suka ƙi faɗa. Ni ce na nuna. Ba wanda ya matsa mini, so nake kawai ya ƙare mu huta. Aka tankaɗe tokar, aka dafa shi a gurguje, bai nuna ba, baƙin suka ture shi gefen faranti. Awaki ne suka cinye.

Da Iya ta dawo ta ga fasasshen tulu, sai ta ce, "Mi kuka yi da irina?"

"Iya, waken talauci ne wanga," in ji babana. "In kina so, in cika miki ɗaki da fari."

Ta sunkuya ta tattara ɓaraguzan tulun.

Kafin bazara ta kankama, farin waken ya zama gari a rumbu. In ka kara kunne a bangon, kana jin motsin ƙwarin a ciki. Sai Iya ta ɗaura ƙunshinta, ta ja hannuna, muka hau bayan motar nan muka ƙetara iyaka. Ƙanwarta ta fito, ta rame har na ji tsoronta. Suna gama gaisawa ta kafe ƙunshin da ido.

"Yaya, kin taho da shi? Namu mun canye shi lokacin yunwa. Shekara ukku ina jiranki."

Iya ta kwance ƙunshin. Sukari ne da sabulu da turmin atamfa. Su biyu suka zauna suna kallon kayan, ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Har Iya ta bar duniya ba ta tambayi wanda ya nuna tulun ba, kuma na tabbata ta sani.

'Yata tana karatun aikin gona yanzu. Ita ta bayyana mini cewa akwai irin da Allah ya sa wa ƙwayarsa wani sinadari mai hana cikin ƙwaro narkar da abinci, tsutsar ta ci ta ci amma ta mutu da yunwa. Ta ce malamansu na bin ƙauyuka suna neman tsofaffin iri irin wannan, su ajiye a cikin sanyi kamar zinariya. Haushi ya kama ni, na babana da na zamanin da ya sa muka raina abin hannunmu, amma nawa ya fi yawa.

Ta ce, "Mama, ku a gidanku ba a taɓa yin irinsa ba? Ko ƙwaya goma aka samu ya isa."

Na ce mata an yi. Ta tambayi inda yake, sai na ce ta miƙo mini faifai in tsince wannan na kasuwa.