Laimar Da Maikano Ya Ƙi Goyawa

Wata rana, jikokina, wata mata mai sayar da atamfa ta rufe shagonta ana tsakiyar ciniki, ta tare ɗan a-daidaita-sahu, ta ce ya kai ta filin da mutane ke faɗowa daga jirgi.

E, faɗowa. Da gangan kuma.

Ga wanda bai sani ba, akwai wani ɗan filin jirgi a bayan wani gari da ba zan kama sunansa ba. Ranar hutu masu hali da samari marasa jin magana sukan taru a can. A goya wa mutum jaka a baya kamar jariri, a hau da shi sama har motoci su koma kamar kiyashi, a buɗe ƙofa, ya faɗo.

In ya ja wata 'yar igiya, laima ta fito daga jakar ta baje, ta sauko da shi a hankali. Laima biyu ce a ciki. Akwai babba, akwai ta ko-ta-kwana wadda ake ja in babbar ta ƙi.

Wai nishaɗi ne. To, Allah ya kyauta.

Sunan matar nan Barira, kuma ba nishaɗi ya kai ta ba.

Tana da ƙane, Sallau. Tun yana rarrafe uwarsu ta rasu, ita ta goya shi, ita ta yaye shi da kunun gyaɗa. Ya girma ya zama magidancin kansa, mai gyaran firji, mutum mai fara'a. Aibinsa ɗaya, yana son sama kamar shirwa.

Shi ya fara zuwa filin nan. Mai wurin wani ne Maikano, ƙaton mutum mai baƙin tabarau. Shi ke koyarwa, shi ke naɗe laimomin ɗalibai ya cusa a jaka.

Ranar da abin ya faru, Sallau ya karɓi jakarsa ya ji tana warin raɓa. Jikinsa bai ba shi ba.

Ya ce, "Oga, don Allah a sake duba mini wannan."

Maikano ya juya wajen jama'a. "Ku zo ku ga ɗan lelen gida! Kai, in tsoro kake ji, ga lilo can a makarantar yara, je ka hau."

Aka bushe da dariya, har da 'yan mata.

Kun san namiji da kunya. Sallau ya haɗiye maganarsa, ya goya jakar, ya hau jirgi.

A sama babbar laimar ta buɗe, sai ta dare gida biyu. Kafin ya samu ya rabu da ita ya ja ta ko-ta-kwana, ƙasa ta matso. Ya faɗi a gonar dawa.

Rai ya yi saura. Ƙafafu kam, sun tafi.

Maikano ko asibiti bai leƙa ba. Sai ya bi gari yana cewa yaron ne ya ruɗe, tsoro ya sa hannunsa rawa, ya ja abin da ba a ja.

Magana ta zaga. Masu zuwa dubiya su yi sannu, su fita zaure, ka ji suna raɗa: "Ai an ce tsoro ne ya karya shi."

Barira ta shanye wannan duka. Abin da ta kasa shanyewa shi ne safiyar da take shafa wa Sallau man zafi a baya, ya ce mata a hankali, "Yaya, ƙila fa gaskiyarsu ce. Ƙila ni na yi kuskuren."

An karya masa baya, yanzu ana so a karya masa zuciya.

Ranar ce ta rufe shago.

Da ta isa filin, Maikano ya dube ta sama da ƙasa. Bai san ta ba, tunda bai taɓa taka inda take ba.

"Hajiya, kin yi ɓatan hanya ne? Nan ba gidan biki ba ne."

"Koyo na zo, Oga."

"Ke ɗin?"

"Ni ɗin."

Matar nan fa ko tsani ba ta iya hawa. In ta leƙa rijiya sai jiri ya ɗebe ta. Faɗowarta ta farko a ɗaure take a jikin wata malama, ta rufe ido tun daga ƙofar jirgi, tana salati har muryarta ta dushe. Da suka sauka ta yi ta amai a gindin wata bishiya.

Maikano ya ce, "Hajiya, sai mun ga juna a lahira ke nan?"

Ta goge baki da gefen mayafi. "Sai Asabar, Oga."

Ta kuwa dawo.

Rani ya wuce, damina ta shigo. Ta koyi ɗaure ɗamarar jaka, ta koyi duba ƙulli, ta koyi faɗowa ita kaɗai. Ta ɗinka dogon wando da riga har gwiwa, tana cusa ɗankwali cikin hular kwano. Matan layinsu a kasuwa suka ce aljanu ne suka shafe ta. 

Kullum ta zo da goran zoɓo mai sanyi ta ba Maikano. In ya yi ba'a, ta yi dariya. Duk jakar da ya miƙo mata, ta karɓa da hannu biyu ba tambaya.

Ciki kuwa wuta ce take ci.

Akwai ranar da ta shiga ofishinsa ajiye zoɓo, ba kowa. Ga jakarsa ta kansa a rataye, sabuwa fil, fanka na kaɗa ta. Ga almakashin yankan atamfa a cikin jakar hannunta.

Ta ciro shi. Ta kama igiya ɗaya.



Sai ta mayar da almakashin. Kada ku ce tausayi ne, wallahi ba shi ba ne. Ta dai yi tunani: in ya mutu, za a yi masa addu'a a ce gwarzo ya tafi, Sallau kuma ya zauna da sunan matsoraci har kabari. Gawa ba ta janye magana.

Bakinsa take so, ba ransa ba.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi wani babban taro a filin, ruwa ya tsuge da azahar. Ta tura ƙofar wani ɗakin ajiya don ta samu inda za ta yi salla. Wari ya buge ta. Kwanon rufi na yoyo, kashin ɓera ko'ina.

A ƙasa ga wata laima a shimfiɗe. An yi mata doguwar faci daga wannan gefe zuwa wancan, da irin zaren da ake ɗinkin tampol a kasuwa.

Barira ta durƙusa. Ta bi ɗinkin da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

Ba sai an gaya mata ba. Wannan ce ta dare da ƙaninta. Ba a ƙone ta ba, ba a yar da ita ba. Faci aka yi mata, tana jiran bayan wani.

Ta yi sallarta a gefenta. Ta daɗe a sujada.

Ranar taro fili ya cika. Manyan mutane a ƙarƙashin rumfa, mata da yara, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Masu son faɗowa suka fi jakunkuna masu kyau yawa.

To wa za a ba laimar ɗakin ajiyar nan? Sai wadda ba ta taɓa tambaya ba.

Maikano ya miƙo wa Barira. Warin raɓar nan ya daki hancinta. Ta karɓa da hannu biyu kamar kullum.

Sai ya ɗauki lasifika ya shiga abin da ya fi iyawa, cika baki.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku! Mu a sana'ar nan muna da al'ada. Duk wanda ya naɗe wa wani laima, in aka ce ya goya ta ya faɗo da ita, dole ya goya. Ba a ƙi. Ni nan da hannuna na naɗe kowace ɗaya!"

Aka yi tafi.

Barira ta tako tsakiyar fili, jakar a hannunta. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma lasifikar na kusa.

"Oga, ka ce kowace ɗaya?"

"Ko idona a rufe, Hajiya."

"To ga wannan. Ba ni taka."

Aka sake tafi, an ɗauka wasa ne suka shirya.

Maikano ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Hajiya, wannan ai ta yi mini kaɗan. Dubi ƙirjina."

"Ɗamarar tana saki, Oga. Kai ka koya mana."

"Lokaci na tafiya, baƙi na jira."

"Ai kai suke jira."

Matuƙin jirgin, wani dattijo Malam Haladu, ya kashe inji ya sauko. 

Ya ce, "Maikano, al'ada ce, da bakinka ka faɗa. Goya mu tafi."

Wanzami fa ba ya son jarfa.

Maikano ya karɓi jakar. Ya zura hannu ɗaya. Ya zura na biyu. Gumi ya jiƙa masa riga har tabarau na zamewa. Ya nufi jirgin, wayoyi na bin sa.

Barira tana tsaye tana kallon ƙafafunsa. Ƙafafu masu lafiya, masu tafiya.

Ya kai bakin ƙofa. Ya ɗaga ƙafa zai taka.

Ƙafar ta ƙi.

Sai ga ƙaton nan ya sulale ya zauna daɓas a kan ciyawa, yana kiciniyar kwance ɗamara kamar wanda kunama ta shiga wa riga.

"Ku cire mini! Ku cire mini ita!"

Malam Haladu ya cire. Ya zazzage jakar, shi da wasu maza suka baje laimar a gaban rumfa. Ga faci nan ɓaro-ɓaro, ga inda ɓera ya ci.

Wata uwa da ɗanta ke cikin layi ta ɗora hannu a ka, ta fasa ihu.

Barira ta ɗauki lasifikar da ya yar, ta je ta tsaya a kansa.

"Ka san ni?"

Ya girgiza kai.

"Ni ce yayar Sallau. Ni na goya shi. Yanzu gaya wa mutanen nan abin da ya karya shi."

Ya motsa baki, ba a ji ba.

Ta kai masa lasifikar har leɓe. "Ɗaga murya. Allah ya ba ka ita."

"Laimar ce."

"Tsoro ne?"

"Ba tsoro ba ne. Ya ce a duba, na ƙi."

Ta miƙa wa Malam Haladu lasifikar. Ta cire hular kwano ta ajiye a ƙasa, ta gyara ɗankwalinta, ta fita. Ba ta sake taka filin ba, domin dama ba son abin take yi ba. Daga baya hukuma ta zo ta garƙame wurin.

Kafin ta isa gida, hoton ya riga ta. Ta tarar da Sallau a kekensa na guragu a tsakar gida, waya a cinyarsa, yana kallo yana sakewa. Hawaye har gemu.

Ta zauna a kan turmi kusa da shi. Suka yi ta kallo tare har aka kira la'asar.

Can ya ce, "Yaya, ashe ba ni ba ne."

"Ba kai ba ne, ɗan'uwana."

Ya sake duban wayar.

"To Yaya, da ya daure fa? Da ya shiga jirgin da ita?"

Barira ta dube shi ido cikin ido.

"Da ni zan riƙe masa ƙofa."

Darasi:

Jikokina, ban ce ku yi koyi da zuciyar Barira ba, ta yi zafi da yawa, Allah ya yafe mata. Amma ban iya ce mata ba ta kyauta ba, ƙarya zan yi.

Abin da ba za ka yarda ka ɗora wa bayanka ba, kada ka ɗora wa ɗan wani. Ko laima ce, ko tayar mota, ko maganin da kake sayarwa.

Ku kuma samari, in jikinku ya ce a sake dubawa, a sake dubawa. Wanda ya yi muku dariya ba shi zai tura muku keke ba.

Ku tura wannan labari ga duk wanda rayukan mutane ke ratsawa ta hannunsa. In ya ji haushi, da shi ake.