Layukan da na kwafa a mayafin mai ɗakina

Shekarun baya, ana saura kamar wata biyu sanyin ɗari ya shigo Damargu, mai ɗakina ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Kwana goma sha takwas muka yi a gidan likita a Damagaram, muka komo Tanut da ita a kwance, harshe ya yi nauyi, hannu ba ya ɗaga ko ludayi.

Kafin ta faɗi tana saƙa mayafi na zaren ulu da kwarashi, ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya a baki. Autarmu take saƙa wa, wadda ke aure a Tenhiya da cikin fari. Bisa al'ada gida za ta zo ta haihu, uwarta ta yi mata wanka. Da uwar ta kwanta, sai aka bar ɗiyar wajen dangin mijinta, haihuwar kuma za ta faɗo tsakiyar sanyi. Ba abin da ya rage uwa za ta iya aika wa ɗiyarta sai wannan mayafi, ga shi ko rabi bai kai ba.

Tun da muka komo ta juya fuska ga bango, abinci sai da lallashi. Ƙanwata, wadda ta zo daga Ollelewa jinya, ta ce a kai wa wata mai saƙa a unguwa mayafin ta ƙarasa. Mai ɗakina ta ji, ta ce da ƙyar, "Kada ya fita gidan nan. Ni na yi alkawari." Lokotoro, wato likitan da ya duba ta, ya riga ya gaya mini cewa mai irin wannan ciwo, idan ya saki rai, ba ya tashi. Na duba na ga alkawarin nan shi kaɗai take riƙe da shi, idan ya suɓuce ban san abin da zai riƙe ta ba.

Sai na ce wa ƙanwata ta koya mini. Ta dube ni ta ce, "Yaya Malam, da wannan gemun?" Na ce gemu ba ya riƙe zare, ta nuna mini kawai. Ta ce abu ne mai sauƙi, 'yan mata ƙanana a yini ɗaya suke kamawa. Ni kwana huɗu na yi kafin in iya zura ƙugiya in jawo zare bai kuɓuce ba. Da ta ga hannuna ya fara faɗawa, ta koma gidanta, domin lokacin roron wake ne.

A zaure nake yi, tsakanin Azahar da La'asar, idan na ji sallama in tura shi ƙarƙashin buzu. Wata rana abokina, wanda muka yi karatu tare tun ƙuruciya, ya shigo kafin in ɓoye. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, mun karanta tsarki, mun karanta gado, ban tuna babin zare ba." Na ce, "Yana cikin babin hidimar iyali. Ranar da aka karanta shi kana kasuwar raƙuma." Ya yi dariya ya zauna, har ya riƙe mini ƙullin zaren.

Ni tun ina saurayi sana'ar hannuna ɗaya ce, kwafar littattafai da alƙalamin kara. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya hore mu a kan cewa mai kwafi ba ya gyara mai littafi. Idan ka ga abin da bai yi maka daidai ba, ka fara tuhumar fahimtarka, ka rubuta shi yadda ka same shi. Da wannan horon na fuskanci mayafin. Na ƙirga idanun saƙar layi bayan layi. Daga farko kowane layi ido tamanin ne, ba ƙari ba ragi. Amma a layuka goma sha biyu na ƙarshe, kowane ɗaya ya gaza na ƙasansa da ido guda. Na ce lallai wata hikima ce ta masu saƙa da ban sani ba, na ɗauke ta ƙa'ida, na bi ta da aminci.

Sati biyar na yi a kai. Kafaɗa ta riƙe, idanu suna ruwa, ga jinya ga karatun mutane. Mayafin kuwa yana ta tsukewa har ya koma kamar ƙafar wando. Na ga haka, amma ban yarda in tuhumi asali ba.

Ran nan bayan La'asar na kai mata. Na ce, "Hajiya, ga aikinki, bai fita gidan ba." Ta juyo a hankali, ta jawo shi da hannun hagu, ta bi shi da ido daga ƙasa har sama.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Ɗiyar tawa za ta yafa, ko akuya za ka ɗaure?"

Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi tun faɗuwarta. Na bayyana mata cewa ƙa'idarta na bi, ido guda a kowane layi, na nuna mata inda ta fara. Ta ɗora yatsa a wurin. Sannan ta ce, kalma na fita da nauyi, "Malam, ba ƙa'ida ba ce. Nan ne yatsuna suka daina jin ƙarfen. Ina sakin idon ƙarshe ban sani ba."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Sati uku kafin in faɗi. Sau biyu na gaya maka. Ka ce gajiya ce, idonka na kan littafi."

Na tuna ranakun, ba ta ƙara ko harafi ba.

Ita ce ta kama bakin zaren da hagu ta ja. Aikin sati biyar ya warware kafin a kira Magariba, har da layukanta goma sha biyu. Ta ce in tayar da ita zaune, in kawo mata kunu, domin ƙirga ba ta yiwuwa da yunwa. Daga ranar na bar zaure na koma gefen gadonta. Ni ke riƙe da kwarashi, ita ke sakin zare tana ƙirgawa, duk inda na kai ƙarshen layi ta ce, "Saura ɗaya, malamin kwafi."

Ɗiyar ta haihu, muka gama bayan suna da kwana tara, na ba direban motar kasuwa ya kai Tenhiya. Sanyi bai wuce ba tukuna, ɗiyar ta yafa shi har ƙarshen wanka. Mai ɗakina ta tashi, ta yi tafiya da sanda shekara huɗu, hannun dai bai komo ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ban san ko da na kai ta likita a makon farko da abin ya zo da sauƙi ba. Wannan ilimin yana wurin Allah, na daina tambayar kaina, domin tambayar ta gajiyar da ni. Abin da na sani shi ne na yi shekaru ina karantar da maza haƙƙin matansu, alhali tawa ta kawo mini ƙara sau biyu ban ɗaga kai ba. Yanzu duk wanda ya ce mini jikinsa ba daɗi, cikin 'ya'ya ko jikoki, nakan rufe littafin in dube shi har ya gama magana. Na koya a makare. Wanda ya karanta wannan ya sa ta cikin addu'a.