Ba Mai Taya Hajiya Zuwera

Shekara ashirin da biyu Hajiya Zuwera, 'yar Damagaram, tana sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, kuma kowa a layin ya san ta da bakin ciniki. Ka taya, ta ce albarka. Ka yi fushin ƙarya ka tafi, ta bar ka sai ka kai ƙarshen layi sannan ta ƙwala maka kira. Ana nan aka gano tana da kansar nono. Aka cire na hagu, ta yi wata shida ana yi mata shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, gashi ya zube ya sake fitowa da furfura.

Zaman gida a unguwar Koira Kano ya gagare ta. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta kwashe tukwane daga nan ta mai da can, har maigidanta Dauda ya ce ta koma kasuwa tun ba ta ɗaga katangar ba. Sai dai in kasuwar ta ƙara mata damuwa, za a ba wani rumfar.

Ta koma ta tarar mutane sun sauya. Masu ce mata "ya kasuwa?" duk sun koma "ya jiki?", murya ƙasa-ƙasa kamar a gidan gaisuwa. Abin da ya fi ci mata rai, ba mai taya ta. Ta faɗi kuɗi, a miƙo, a bi ta da addu'a. Mako uku bakinta bai ce albarka ba. Ta zauna, ta tashi, ta warware zane ta sake ninkewa. Ita dai gani take ban kwana ake yi da ita, har ta fara tunanin miƙa makullin.

Ran nan sai ga Kadi, Bazabarmar Tondibia, wadda suka taɓa ɓata rabin yini suna ja-in-ja kan turmi guda. Ta nuna wani turmin atamfa, da gangan Zuwera ta tsuga mata kuɗi. Kadi ta hau kwance bakin zane, ko tari ba ta yi ba.

Zuwera ta riƙe turmin gam. "Kadi, sadaka kike ba ni? Ban mutu ba fa. Taya."

Kadi ta zauna a kan benci, ta daɗe tana murza gefen mayafi. Ta ce ba zane ya kawo ta ba. Zuwanta na uku ke nan, sau biyu tana wucewa ta kasa tsayawa. Wata biyu da ta ji ƙullutu a nononta, ko 'yarta ba ta gaya wa ba.

"Zuwa na yi in gani da idona, ko mutum na tashi bayan abin nan."

Kunya ta kama Zuwera, don duk makonnin nan kanta kaɗai take ji. Ta ajiye turmin, ta jawo ƙofar rumfa ana tsakiyar cin kasuwa.

"To, kin gan ni. Tashi mu je likita tun ba su rufe ba. Na san ƙofar da ake shiga."