A Yi Mai Arhar

Kawuna ya shekara talatin yana ɗaukar kankare a ka, har ya yi sanƙo, abokan aikinsa suna ce masa Faranti.

Rannan injiniya da mai gini suka tsaya a inuwa suna shawara kan bim, wato ginshiƙin da ake kwantarwa ya ɗauki nauyin bene. Injiniya ya ce na ƙarfe akwai tsada, amma a wuni ɗaya inji zai ɗora shi. Na kankare kuwa sai an kafa katako, an ɗaure rodi, leburori sun yi ta hawa da sauka da kwano, amma ya fi arha.

"To, a yi mai arhar," in ji mai gini.

Kawu na gefe yana naɗe gammonsa. Da ya dawo gida ya zube a tabarma, matarsa tana danna masa wuya, ya ba mu labari.

Na ce, "Ai gara haka, Kawu, kun samu aiki."

Ya ce, "Haka ne, ɗana. Amma arhar nan da suke faɗa, ai mu ne."