Fawa-banki a Cikin Rumbu

Ina sarin albasa da kayan miya a Jiratawa, in kai kasuwar Maraɗi, ranar Lahadi kuma in leƙa Baba a Tsibiri. Mai wannan yawo ba ya rabuwa da fawa-banki, ɗan akwatin nan da ke ajiye wuta don salula. Ni dai ban taɓa samun wadda ta shekara a hannuna ba. Nakan jefa ta a jakar moto, wato babur ɗina, rana ta dafa ta, ta kumbura kamar fanke, in yar in sayi wata ina zagin masu ƙera su.

Wata Sallah na saya wa Baba guda, na cika ta, na nuna masa fitilunta huɗu. Ya jujjuya ta, ya ce, "Wagga aba, wuta ce ciki ajiye?" Na ce e. Sai ya naɗe ta a tsumma, ya sa a tukunya, ya tura cikin rumbun ƙasa tsakanin damman gero. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Baba, ba hatsi ba ce, zurarewa take yi." Ya ce in bar masa abinsa, ba a taɓa ajiya sai ranar buƙata. Duk zuwana sai na tsokane shi ko ta tsiro.

Shekara da rabi bayan haka, da damina, ɗiyar Gwaggo ta kira ni daga Jiratawa. Gwaggo yayar Baba ce, kuma tun rabon gonar kakanmu ba su ƙara magana ba. Ta ce jikin tsohuwa ya yi nauyi, ƙanenta kawai take kira. Baba kuwa yana kwance da targaɗe a ƙugu, ba ya iya hawa moto. In za su gana, sai dai ta waya.

Na isa Tsibiri bayan azahar, salulata ta mutu a hanya. Fawa-bankina ta wata huɗu na danna, ko ƙyaftawa. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kwana uku, wayar Baba da ta maƙwabta duk sun yi shiru. Tsoro ya kama ni sosai, na tsaya tsakar gida ina zufa.

Baba ya ce, "Hau rumbu."

Na hau ina gunaguni. Cikin rumbun akwai sanyi da ƙamshin gero. Na kwance tsumman, na danna, sai fitila biyu suka kama. Zafi biyu sun wuce a kanta, ga ta da ranta, ni da nake ganin na san kan waya ina kashe tawa cikin wata shida. Na tsuguna a bakin rumbun ina ta salati.

Na jona, salula ta farfaɗo, na kira, na miƙa masa. Ya kara a kunne, ya ce:

"Yaya, ni ne."

Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga Baba, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, yana share fuska da hula. Ya ce, "Ki yahe mani abin da munka yi." Ya saurara, can ya ce, "Ni ma na yahe, duniya da lahira." Suka shiga hirar wata tsamiya da suke hawa suna yara, har ya yi dariya. Gwaggo ta cika kafin magariba.

Bayan addu'ar uku na cika fawa-bankin a Maraɗi na maido masa. Na ce yanzu kam ya riƙa amfani da ita. Ya miƙo mini tsumman, ya nuna rumbu da haɓa. Na ce, "Baba, wa kuma za ka kira?"

Ya ce, "Da sauran mutum biyu da ba mu magana. Ban samu ƙarhin hali ba tukuna."